Sauya Fitilun Ɗakin Jirgin Ruwa Zuwa LED: Amsa Ga Wani Mai Aikin Wayarin

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai aikin wayarin, ɗan Tudun Wadan Zariya, wanda neman abinci ya kai shi Legas, inda yanzu yake kula da wani jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai tsawon mita 10. A ɗakin jirgin akwai ƙwayayen halojin guda takwas masu wat 10, batirin kuwa na dalma ne mai Ah 200, wato amfiya-awa, ma'aunin yawan wutar da batir yake iya ajiyewa. Mai jirgin ya ce a mayar da fitilun na LED, domin batir ba ya kai su asuba idan sun kwana a kan ruwa. Matashin ya sayo ƙwayaye masu araha ya sa, ba a daɗe ba wasu suka fara ƙyaftawa, wasu suka mutu, rediyon jirgin kuma ya riƙa ƙara duk lokacin da aka kunna su. Yana son sanin inda matsalar take, da irin ƙwan da ya dace, da kuma ko zai haɗa da fitilun waje a sauyin.

Ƙanena, mai jirgin bai yi kuskure ba, domin a cikin gyare-gyaren da ake yi wa wutar ƙaramin jirgi da wuya a samu wanda yake mayar da kuɗinsa da wuri kamar sauya fitilu. Abin da ya ba ka matsala shi ne ƙwayayen da ka sayo an ƙera su ne domin wutar da ke tsayawa cak a kan bolt 12, irin wadda adaftar shago ke bayarwa, alhali wutar jirgi ba ta zama a kan bolt 12, sai dai ta ratsa ta wurin a hanyarta ta hawa ko ta sauka. Mu da muke Zariya ba mu da teku, ruwanmu bai wuce Galma da Kubanni da dam ɗin Shika ba, amma duk wanda ya taɓa haɗa fitilu kai tsaye da batirin sola a Samaru ko Sabon Gari ya san wannan cutar, saboda dokar wutar ɗaya ce a tudu da a ruwa.

Ka fara da lissafi, domin shi ne zai nuna wa mai jirgin abin da zai samu. Ƙwai mai wat 10 a kan bolt 12 yana jan amfiya 0.83. Idan shida daga cikin takwas ɗin suna kunne daga magariba har tsawon awa biyar, sun ci kusan Ah 25. Ka ƙara da fitilar anka da ke saman sandar jirgi, wadda doka ta wajabta a bar ta a kunne duk dare idan jirgi ya jefa anka ya tsaya a kan ruwa, kuma daren Legas kusan awa 12 ne a kowane lokaci na shekara saboda kusancin garin da tsakiyar duniya. Idan ita ma mai wat 10 ce, Ah 10 ke nan. Jimilla Ah 35 a dare ɗaya. Batirin dalma kuwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya yi shekaru, saboda haka Ah 200 ɗin da aka rubuta a jikinsa, a aikace Ah 100 ne. Wato haske kaɗai yana cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da kake da shi, tun kafin firji da famfon kwashe ruwa da rediyo da cajin wayoyi su karɓi nasu rabon. Idan ka mayar da shidan nan na LED masu wat 1.5, za su ci Ah 3.75 a cikin awa biyar ɗin, fitilar anka mai wat 2 kuma ta ci Ah 2, jimillar ba ta kai Ah 6 ba. Abin da aka tsira da shi, kusan Ah 29, ya yi daidai da abin da farantin sola mai wat 100 yake tarawa a yini mai kyakkyawar rana. Ga jirgin da ba ya kunna inji sai zai fita ko zai shiga tasha, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin wannan tazara shi ne halojin, kamar kowane ƙwai mai zaren wuta, yana samar da haske ne ta hanyar gasa zaren har ya yi fari, don haka mafi yawan wutar da yake ci zafi take komawa. Gilashinsa yakan wuce digiri 250, abin da ya isa ya babbaka labule ko ya narkar da murfin roba a ɗaki mai gajeren rufi. Yana ba da lumen, wato ma'aunin yawan haske, 12 zuwa 20 a kan kowane wat, LED mai kyau kuwa yana ba da 80 zuwa fiye da 100. Ja ne LED na farko da ido ke gani, wanda Nick Holonyak ya ƙera a kamfanin General Electric a 1962, kuma sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar da shuɗi mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, sannan farin haske ya samu. Farin LED da ke hannunka shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Ka riƙe wannan, domin zai yi maka amfani idan muka zo kan fitilun waje.

Yanzu ga inda ƙwayayenka suka mutu. Batirin dalma da ya cika ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Da dare, idan kaya sun yi masa yawa, yana iya sauka ƙasa da 12. Da zarar an tayar da inji, ko rana ta take farantin sola, ko aka jona caja a tasha, wutar takan hau zuwa 14.2 ko 14.4, wani lokaci har 14.8, kuma akwai cajar da ke kai ta 15.5 idan tana daidaita gidajen batir mai ruwa. Ka san yadda fitilar tsohon babur take yin dishi-dishi idan yana tsaye, ta haske tar idan aka murɗa totur. Haka wutar jirgi take yi, sai dai ita tana ɗaukar awowi a sama ko a ƙasa. Ƙwai mai zare yana jure wannan gwargwado, amma LED ba ya jurewa, domin shi ƙaramin ƙari a bolt yana jawo babban ƙari a amfiya.

A cikin ƙwai mai araha, da kuma zaren fitilun nan da ake sayarwa a naɗe ana yanka da almakashi, abin da za ka tarar shi ne ƙwayoyin LED uku a jere da rizista guda ɗaya mai rage wutar da ke wucewa. Ukun suna riƙe kusan bolt 9.6, sai rizistar ta shanye sauran 2.4, kuma an zaɓi girmanta ne, misali om 120, domin miliamfiya 20 ya wuce a kan bolt 12. To idan wuta ta hau 14.4, ƙwayoyin ba sa ƙara abin da suke riƙewa sai ɗan kaɗan, ragowar duk ta faɗa kan rizistar, wato kusan bolt 4.8, sai abin da ke wucewa ya doshi miliamfiya 40. Bolt ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari kawai, amma wutar da ke ratsa ƙwan ta kusa ninkawa. Zafi ya taru, sinadarin ya fara ƙonewa, haske ya koma shuɗi-shuɗi, siririyar wayar da ke cikin ƙwayar ta riƙa haɗuwa tana rabuwa, wanda shi ne ƙyaftawar da ka gani, daga nan sai mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Ba sharrin mai shago ba ne kaɗai, an sa kayan ne a inda ba a yi su domin wurin ba.

Ƙwan da ya dace da jirgi shi ne wanda yake da na'urar daidaita wuta a cikinsa, wadda ke riƙe amfiyar da ke zuwa ga ƙwayoyin a wuri ɗaya ko batir ya hau ko ya sauka. Alamarsa ta farko tana jikin kwali: maimakon a rubuta bolt 12 kawai, za ka ga an rubuta 10 zuwa 30, ko 9 zuwa 32. Idan ka juya bayansa za ka ga ɗan ƙaramin naɗin waya da ƙwaƙwalwa mai ƙafafu, ba rizistoci kaɗai ba. Kwali yana iya yin ƙarya, amma akwai gwajin da ba ya yi. Ka sa ƙwan, ka kunna shi a kan batir kaɗai, sannan a tayar da inji kana kallo. Idan hasken ya ƙaru a fili, na rizista ne. Idan bai motsa ba, mai daidaita wuta ne, kuma idan ka jona mitarka a layin za ka ga amfiyar da yake ja daga batir ta ragu lokacin da bolt ya hau, akasin abin da mai araha yake yi. Idan mai jirgin yana son zaren fitilu a ƙarƙashin kabad, ba laifi, amma ka sa masa ƙaramar na'urar da ke tsayar da wuta a kan bolt 12 a gabansa, kuma ka duba abin da yake ci, domin irin mai kauri yana cin wat 14.4 a kowace mita, naɗin mita biyar kuwa wat 72 ke nan, amfiya 6, fiye da halojin shidan da kake ƙoƙarin rabuwa da su. Na fi ganin wannan kuskure a wurin masu son ado fiye da kowa.

Ƙarar rediyo kuwa daga wani ɓangare take, kuma a nan ne al'amarin yake da ɗan sarƙaƙiya, domin ƙwai mai rizista zalla ba ya damun rediyo. Abin da ke damunsa shi ne na'urar daidaita wuta da aka yi ta da ha'inci. Tana aiki ne ta hanyar yanke wuta da sake ta sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kuma idan mai ƙera ta ya tsallake 'yan kayan da ke tace wannan hayaniya domin ya rage farashi, sai wayoyin jirgin su zama kamar eriya suna watsa ta. Tunda ka ce wasu sun mutu, rediyo kuma yana ƙara, ga alama nau'i biyu ne ka sayo a haɗe. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙaramar damuwa. Rediyon jirgi yana aiki tsakanin megahaz 156 da 162, tasha ta 16 da ake neman agaji a kanta tana kan 156.8, na'urar AIS da ke nuna maka manyan jirage kuma tana kan 161.975 da 162.025. Hayaniyar ba ta hana a ji ka idan ka yi magana, kai ne take kurmantarwa, ta yadda kiran da ke zuwa daga nesa ba zai iso kunnenka ba kuma ba za ka san an yi shi ba. A bakin tashar Apapa, inda jiragen kwantena suke shiga suna fita ta hanya ɗaya da ƙananan jirage, wannan batu ne na rai. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kan haka a watan Agustan 2018.

Gwajinsa ba ya buƙatar wani kayan aiki. Ka kashe duk fitilun, ka kai rediyon tashar da ba kowa a kanta, ka sassauta maɓallin da ke danne ƙara har ƙarar ta fito, sannan ka mayar da shi a hankali daidai inda ta ɗauke, kada ka wuce. Sai ka riƙa kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta dawo da ƙara, ita ce mai laifi. Wani lokaci murɗa wayoyin fitilar biyu a jikin juna da maƙala musu zoben ferait, mai tace hayaniyar wuta, kusa da ƙwan yana rage matsalar, amma ni a ganina ƙwan da ya faɗi wannan gwaji cire shi ake yi, musamman idan yana kusa da rediyon ko da wayar eriya. Na saman sanda ya fi kowanne haɗari, domin a nan eriyar take, tazararsu ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba.

Kafin ka koma kasuwa, ka ciro ƙwai ɗaya daga kowace irin fitila ka tafi da shi a aljihu, domin gindin ƙwayayen jirgi iri-iri ne kuma suna kama da juna. G4 shi ne mai siraran ƙafafu biyu da milimita 4 a tsakaninsu, kuma shi ne ya fi yawa a fitilun rufi. A nan ka lura ko ƙafafun daga gefe suke fitowa ko daga baya, domin halojin yana watsa haske ko'ina, shi kuwa LED mai faifai gefe ɗaya yake haskawa, idan ka ɗauki wanda bai dace ba sai ya haska rufi ya bar mutane a duhu. Fitilun karatu na bakin gado sukan ɗauki MR11 ko MR16. Akwai kuma mai kama da fis, mai tsini biyu, wanda tsawonsa yake bambanta daga milimita 31 zuwa 42, sai ka auna. Inda masu wayarin da suka saba da mota suke faɗawa shi ne gindin murɗawa mai milimita 15. BA15s yana da ɗigon dalma ɗaya a ƙasa, jikin ƙarfen kuma shi ne negatib, kamar yadda yake a mota. BA15d da BAY15d na jirgi kuwa suna da ɗigo biyu, ɗaya fozitib ɗaya negatib, jikin ƙarfen ba ya ɗauke da komai, saboda jikin jirgin faiba ne ko katako, ba a mayar da wuta ta cikinsa. Ƙwan birki na mota shi ma ɗigo biyu gare shi kuma yana shiga mazaunin BAY15d daidai, amma ɗigon nasa biyun duka fozitib ne, don haka ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Idan ka sa ƙwai bai kama ba, ka juya shi kafin ka yanke masa hukunci, domin wasu ba sa karɓar wuta sai ta fuska ɗaya.

Batun ko ƙwai kawai za ka sauya ko fitilar gaba ɗaya, yanayin mazaunin ne zai gaya maka. Idan ƙarfensa yana da tsabta kuma yana riƙe ƙafafun ƙwai gam, sauya ƙwan ya wadatar. Idan zafin halojin ya riga ya gasa shi ya yi baƙi, ko iskar gishiri ta sa ya yi kore, sabon ƙwai zai ci gaba da ƙyaftawa ko da kuwa shi ne mafi tsada, saboda 'yar wutar da LED ke ja ba ta isa ta keta tsatsa ba. A nan Zariya ƙurar hunturu ce abokiyar gabarmu, ita kuwa ana bushe ta ta tafi. Gishirin Legas cin ƙarfe yake yi. Ka tuna kuma LED ma yana yin zafi, a bayansa, kuma zafin ne yake rage masa kwana. Ƙwai mai wat 3 ko 4 da aka cusa cikin ƙaramar fitila mai rufaffen murfi, a ɗakin jirgin da ya yini a rana, ba zai ga ko kusa da awa 30,000 ko 50,000 da ake rubutawa a kwali ba. Gara fitilu biyu masu wat 1.5 da ɗaya mai wat 4. A banɗaki da bakin ƙofar shiga, inda ruwa ke fantsama, ka nemi fitila mai lambar IP65 ko sama, wato wadda ƙura da fantsamar ruwa ba sa shiga cikinta. Idan akwai doguwar fitila mai bututu a kicin, ka cire na'urar da ke ɗaga mata wuta gaba ɗaya kafin ka sa LED, domin abin da take fitarwa ya fi bolt 12 nesa ba kusa ba.

Game da yawan haske, ka daina kallon wat ka kalli lumen. Halojin mai wat 10 yana ba da lumen 120 zuwa 150, mai wat 20 kuma kusan 300, sai ka nemi makamancin haka, ka yi watsi da rubutun kwalin da ke cewa ƙwan ya yi daidai da wat kaza. Launin hasken kuma da kelbin ake auna shi. Mutanenmu sun fi son fari tas mai kelbin 6,000 zuwa 6,500, shi ya sa shi ne ya cika shagunan Sabon Gari, kuma a fili ko a shago ba shi da aibu. Amma a ɗakin jirgi, inda rufi yake dab da kai kuma bangon katako ne mai sheƙi, irin wannan haske yana dukan ido, yana mayar da katakon toka-toka, yana kuma hana barci zuwa da wuri. Ka sa mai kelbin 2,700 zuwa 3,000 a wurin zama da wurin kwana, mai 4,000 a kicin da ɗakin inji. Idan kwalin ya nuna lambar CRI, wadda ke auna yadda haske yake fito da ainihin launin abubuwa, kada ta gaza 80, a kicin ma 90 ta fi, domin mai girki ya iya bambance naman da ya nuna da wanda bai nuna ba.

Akwai fitila ɗaya da take buƙatar tunani na daban, wato ta teburin taswira. Idon mutum yana ɗaukar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu sosai, kuma farin haske mai ƙarfi yana rushe wannan a cikin daƙiƙu. Matuƙin da ya leƙa ɗaki ya fito zai ɗauki lokaci bai ga kwalekwalen masunta da ke gabansa ba, kuma yawancinsu ba sa ɗauke da fitila. Shi ya sa ake sa jan haske a wurin da bakin matakala. Sai dai a ƙarƙashin jan haske, alamomin da aka buga da ja ko shunayya a kan taswira suna dusashewa, waɗanda kuwa sukan kasance alamun fitilu da gargaɗi. Saboda haka na fi son fitila mai ja da fari a makunni ɗaya, wadda ja ne yake fara kamawa, farin kuma ana iya rage shi sosai. Idan jirgin yana da tsohuwar na'urar rage haske ta halojin, da wuya ta yi aiki da LED. Za ka buƙaci sabuwa da aka yi dominsa, da ƙwan da aka rubuta a jikinsa cewa yana karɓar ragewa, domin mai daidaita wuta na gama-gari zai riƙa yaƙi da na'urar ne har ya fara rawa.

Tsofaffin wayoyin jirgin sun isa, tunda abin da za su ɗauka yanzu ya ragu ƙwarai. Hatsarin yana inda za ka ƙara sabuwar waya. Fis wayar yake karewa, ba ƙwan ba. Idan layin fitilu yana kan fis mai amfiya 10 ko 15, sannan ka ɗora masa siririyar wayar da ta zo da zaren LED, ranar da ta goge ta haɗu za ta yi ja ta kama wuta fis yana zaune lafiya, gobara kuwa a kan ruwa ba ta da wurin gudu. Ko dai ka yi amfani da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ko ka sa ƙaramin fis mai amfiya 1 ko 2 daidai inda siririyar ta fara. Wayar ta zama mai silli-silli, ba mai ƙarfe ɗaya irin ta wayarin gida ba, wadda girgizar jirgi ke karyawa, kuma idan da hali ka samu wadda aka shafe jan ƙarfenta da kuza, domin ita ce gishiri ba ya ci da wuri. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da baƙin tef, wanda hannunmu ya saba da shi, ba shi da wuri a jirgi. Ka matse su da maɗauri na ƙarfe, ka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi wadda ke da gam a ciki. Wayar da za ta bi kusa da kamfas ka murɗa biyun tare, domin kada su karkatar da allurarsa. A ma'ajiyar tukunyar gas kuwa kada ka sa makunni ko wani haɗin waya.

A kan fitilun waje, amsata ita ce kada ka yi musu abin da ka yi wa na ɗaki. Fitilun ɗaki zaɓin mai jirgi ne, na waje kuwa doka ce, wato ƙa'idojin hana karo a teku na 1972 da Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta tsara, waɗanda suka fara aiki a 1977. Jirgi mai tafiya da iska yana nuna kore a dama da ja a hagu, kowanne yana rufe digiri 112.5, da fari a baya mai digiri 135, kuma idan bai kai mita 20 ba an yarda ya haɗa ukun a fitila ɗaya a saman sanda. Ga jirgin da bai kai mita 12 ba irin naku, dole a hango na gefe daga mil 1, ta baya da ta anka daga mil 2, milin ruwa kuwa mita 1,852 ne. An ƙera gilashin waɗannan fitilu ne a kan ƙwai mai zare ɗaya a tsaye a tsakiya, mai haske mai ɗauke da ja da yawa. Idan ka sa farin LED mai kelbin 6,500 a ciki, wanda asalinsa shuɗi ne kamar yadda na faɗa, koren zai koma shuɗi-shuɗi, jan kuma ya yi rauni, sannan saboda hasken yana fitowa daga ƙwayoyi da yawa da ke warwatse, iyakar da ke tsakanin ja da kore za ta cakuɗe. Matuƙin da ke tahowa da dare da waɗannan launuka yake gane inda kuka dosa da wanda ya kamata ya kauce. Idan aka yi karo aka tarar an sauya ƙwan da wanda ba a amince da shi ba, kamfanin inshora yana da abin kamawa, kuma kai da ka sa shi za a fara tambaya. Abin da ya dace shi ne a sayi cikakkiyar fitilar LED ta jirgi, rufaffiya, wadda aka rubuta nisan da ake hango ta da shaidar amincewa a jikinta. Idan kuɗin bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, ka fara da ta anka, domin ita ce take kwana a kunne, sannan mai launi uku ta saman sanda, wadda ƙwanta yakan kai wat 25, wato amfiya 2 a duk tsawon tafiyar dare. Fitilun da ba a kunna su sai inji yana aiki za su iya jira, tunda a lokacin altaneta ce ke ciyar da su.

Kada ka sayi takwas ɗin a tashi ɗaya. Ka sayi biyu daga nau'in da ka natsu da shi, ka sa su a fitilun da aka fi kunnawa, ka yi musu gwajin inji da na rediyo, bayan awa ɗaya suna kunne kuma ka buɗe murfin ka taɓa bayan ƙwan. Idan yatsanka bai iya zama a kai ba, ya yi wa wannan fitilar girma. Idan sun yi mako biyu lafiya, ka koma wurin mai shagon ka sayi sauran daga kwali ɗaya, domin launinsu ya zo daidai, ka ƙara biyu na ajiya. Tsofaffin halojin ɗin da ke da rai ka naɗe su a tsumma ka adana a jirgin, kada ka taɓa gilashinsu da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa su fashe da wuri. Ka rubuta wa mai jirgin abin da mita ta nuna kafin sauyin da bayansa, da duk fitilun a kunne, tare da nau'in gindin kowace fitila da launin ƙwan da aka sa mata.